Kunkurun da Garkuwarsa Ta Zame Masa Ajali

Mahajjatan da suka riƙa tattaki daga Kano zuwa Makka, ta Borno da Wadai da Darfur, a tashar Sawakin da yawansu ke shiga jirgi su ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. A ƙarƙashin wannan ruwa, tsakanin duwatsun murjani, akwai wani kunkurun teku mai baki irin na shaho, wanda aka shafe kusan shekara 2,000 ana fataucin ƙoƙon bayansa.

Wani kundin fatake da aka rubuta da Girkanci a ƙarni na 1 ya lissafa ƙoƙon kunkuru cikin hajar tashar Adulis, a Eritiriya ta yau. Ƙoƙon yana laushi idan ya ji zafi, sai a sarrafa shi a yi mataji da kayan ado, daga baya har da firam ɗin tabarau. Wani bincike da aka wallafa a 2019 ya ƙiyasta cewa wajen kunkuru miliyan 9 wannan ciniki ya ci tsakanin 1844 da 1992.

Yarjejeniyar CITES, wadda Nijeriya ke cikinta tun farko, ta haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe baki ɗaya a 1977. Japan, babbar mai saye, ba ta daina shigo da shi ba sai ƙarshen 1992. A 1996 ƙungiyar IUCN ta sanya shi cikin halittun da ke dab da ƙarewa.

Ana cikin haka masana suka gano amfaninsa. A 1988 Anne Meylan ta nuna cewa a tekun Karibiyan babban abincinsa shi ne soson teku, halittar da ke gogayya da murjani wajen neman wuri. Ashe kiwonsa yana buɗe wa murjani fili, murjani kuwa shi ne matattarar kifin da masunta ke dogaro da shi.

A 2016 UNESCO ta sanya Sanganeb da Dungonab, arewa da Sawakin, cikin wuraren gadon duniya; kunkurun yana ƙwai a tsibiran yankin. Sai dai farfaɗowa tana da nawa, domin macen takan haura shekara 20 kafin ta fara ƙwai. Ƙyanƙyasar shekarar 1992 ba ta daɗe da fara dawowa gaɓa ba, kuma har yau ana sayar da ƙoƙon a ɓoye.