Tsaron jama'a a Tawa da Takanamat: wa ke da alhakin me?

Birnin Tawa (Tahoua) da ƙananan hukumomin karkara na gundumarsa, wato Takanamat, Afala, Barmu, Bambay, Kalfu da Tabaram, yanki ne da Adarawa manoma, Abzinawa da Buzaye, Fulani makiyaya da Larabawan arewa suke cin kasuwa ɗaya, suna shayar da dabbobinsu a rijiyoyi ɗaya. A irin wannan zama, babban nauyin da ke kan masu tsaro shi ne hana rigimar mutum biyu rikiɗewa zuwa rigimar ƙabilu biyu. Nauyin kuwa a rarrabe yake tsakanin hukumomi da dama, kuma wanda ya san ƙofar da zai nufa ya fi saurin samun haƙƙinsa.

Yanayin yankin

Takanamat tana arewa maso yammacin birnin Tawa, ta ɓangaren da ake nufar Tillia da iyakar Mali. Nan ne ƙasar noma ta Adar take ƙarewa, dajin kiwo na Azawak ya fara. Da rani matasa da yawa sukan tafi ci-rani Najeriya, Kodibuwa, Libiya ko Aljeriya, a bar ƙauyuka da mata da yara da tsofaffi. Birnin kansa, mai gundumomi biyu, yana faɗaɗa ta gefensa, inda baƙi daga karkara da waɗanda rashin tsaro ya koro suke kafa sababbin unguwanni.

Rukunonin jami'an tsaro

'Yan sanda suna ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, aikinsu a cikin birni yake: karɓar ƙara a kwamisariya, binciken sata da faɗa, kula da zirga-zirgar motoci da babura, da binciken takardu a kan iyaka. Lambar kiransu ita ce 17, ta 'yan kwana-kwana kuma 18.

Jandarmomi suna ƙarƙashin ma'aikatar tsaron ƙasa. Su ke binciken laifi a karkara da manyan hanyoyi. Mutumin ƙauye da aka sace wa shanu ko aka tare a hanya, ofishin jandarmomi ne wurin kai ƙararsa.

Rundunar Garde Nationale, wadda jama'a ke kira gardi, ita ma ta ma'aikatar cikin gida ce. Tana gadin gidajen kaso da gine-ginen gwamnati, tana rakiyar hukumomi, tana sintiri a yankunan makiyaya. Kafin 2010 sunanta FNIS, rundunar da aka shigar da tsofaffin 'yan tawaye cikinta bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995, ranar da ta zama Ranar Haɗin Kan Ƙasa.

Sojojin FAN su ke fuskantar ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai, kuma Tawa ce cibiyar yankin tsaro na 4. Gwamnan jaha da shugabannin gundumomi su ke haɗa kan waɗannan rukunoni a tarurrukan majalisar tsaro. Tun 2024, da aka rusa zaɓaɓɓun majalisu, kantomomin riƙo ne ke tafiyar da ƙananan hukumomi.

Sarakuna da sulhu

Mafi yawan rigingimun yau da kullum ba sa kaiwa gaban mai kaki. Dokar 13 ga Janairu 2015 kan sarautar gargajiya ta bai wa mai unguwa, maigari, sarkin kanto da shugabannin rukunonin makiyaya ikon sulhu a harkokin aure, gado, bashi da filaye. Idan an daidaita, a rubuta takardar sulhu a sa hannu. Idan ba a daidaita ba, a rubuta ta rashin daidaitawa, magana ta wuce kotu. Ikon sarki bai kai ga kisa, fyaɗe, fashi ko mummunan rauni ba. Waɗannan na alƙali ne, kuma rufe su da sunan zumunci yakan bar wa dangin wanda aka cuta miki, wanda ke iya haifar da ramuwar gayya.

Gona da kiwo

Lokacin da ya fi haɗari shi ne kaka, sa'ad da garkuna ke gangarowa daga arewa alhali wasu manoma ba su gama kwashe amfanin gona ba. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa: bayan wannan layi ƙasar kiwo ce, kuma wanda ya yi shuka a can ba ya da haƙƙin diyya in dabba ta yi masa ɓarna. Kundin dokokin karkara na 2 ga Maris 1993 ya kafa kwamitocin filaye, waɗanda ake kira Cofo, daga gunduma har ƙauye. Su ke shata burtali da makiyaya da mashaya, su ke ba da takardun shaidar gona. Dokar 20 ga Mayu 2010 kuma ta tabbatar da 'yancin makiyayi na yin ƙaura da dabbobinsa. Kowace shekara hukuma na sanar da ranar sakin gonaki. Shigar da dabba kafin ranar laifi ne, haka ma nome burtali.

Abin da ya faru a Bangi ta gundumar Madawa a farkon Nuwamba 2016 ya nuna abin da jinkiri ke jawowa. Saɓani kan ɓarnar gona ya koma farmaki a kan rugage, mutane kusan 20 suka rasu, cikinsu har da mata da yara.

Barazanar arewa

Ranar 6 ga Oktoba 2016 an kashe jami'an tsaro 22 a Tazalit, inda 'yan gudun hijirar Mali ke zaune. A Maris 2017 gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a gundumomin Tassara da Tillia, wadda ta bai wa jami'an tsaro damar binciken gidaje dare ko rana, da taƙaita zirga-zirga. Ranar 21 ga Maris 2021 'yan bindiga a kan babura suka afka wa Intazayene, Bakorat da zangunan da ke kusa, suka kashe fararen hula 137 bisa alƙaluman gwamnati, akasarinsu Abzinawa. A farkon Oktoba 2023 ma'aikatar tsaro ta sanar da rasuwar sojoji 29 kusa da Tabatol.

Illar waɗannan hare-hare na isa har unguwannin birni ta hanyar zargi. Da zarar an fara kallon makiyayi a matsayin abin tuhuma saboda harshensa ko rawaninsa, sai ya daina kusantar hukuma, alhali shi ne ya fi kowa sanin abin da ke motsi a daji. Ƙungiyoyin sa-kai na ƙabila ɗaya suna ƙara wannan ɓaraka, kamar yadda aka gani a tsakiyar Mali da arewa maso yammacin Najeriya, inda 'yan banga da 'yan bindiga suka shiga ɗaukar fansa a kan ƙauyukan juna. Don rage irin wannan ne hukumar ƙarfafa zaman lafiya ta HACP, wadda aka kafa a 2011, take shirya tarurrukan sasantawa tsakanin al'ummomi da jami'an tsaro.

Haƙƙin wanda aka kama

A laifi na yau da kullum, ana tsare mutum a kwamisariya ko wurin jandarmomi har awa 48, ba a ƙara wa'adin sai da izinin mai shigar da ƙara na gwamnati. Yana da damar neman lauya. Wanda ba ya jin Faransanci ya nemi a fassara masa bayaninsa cikin Hausa, Tamajak ko Fulatanci kafin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Duk tarar da aka biya, a karɓi rasit. Tuhumar ta'addanci kuwa tana da wa'adin tsarewa mafi tsawo, kuma ana kai ta gaban alƙalai na musamman a Yamai.

Ga mazauna unguwa, matakin farko shi ne a gabatar da baƙo ga mai unguwa, a kai ƙarar sata da wuri, a kuma miƙa wanda aka kama ga hukuma da ransa da lafiyarsa, ko daga wace ƙabila ya fito.