Asalin Keken Hawan Dutse

Wani mai sauraronmu daga Mashi, jihar Katsina, yana tambaya: shin ina asalin keken nan mai ƙatuwar taya da giya, kuma zai yi masa aikin gona da kasuwa?

To malam, asalinsa dazuzzukan Dutsen Tamalpais ne, a jihar Kalifoniya ta Amurka. Cikin shekarun 1970 wasu samari suka riƙa gangarowa ta hanyoyin daji da tsofaffin kekuna. A 1976 suka fara tsere a wata gangara mai tsawon kimanin kilomita 3, inda birki kan yi zafi har giris ɗinsa ya ƙone. A 1977 ɗayansu, Joe Breeze, ya ƙera keke musamman don irin wannan hanya. A 1996 kuma wasan ya shiga gasar Olamfik.

Ka ga ke nan don gudu a gargada aka yi shi, ba don dako ba. Faɗin tayarsa zai taimake ka cikin yashi, amma yawanci ba shi da kariyar ɗaura kaya. In buhun gero za ka kai kasuwa, tsohon Raleigh ya fi shi. Da fatan ka gamsu.