Jira Shi Ne Babbar Ɓarna: Tsarin Aikin Gini Daga Sifawa Zuwa Gidajen Shagari

Ƙasar Bodinga, inda garuruwan Dingyadi da Sifawa suke, ta ga aikin gini mai yawa a farkon ƙarni na goma sha tara. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya koma Sifawa da zama, ƙanensa Abdullahi ya zauna a Bodinga, shi kuwa Muhammadu Bello ya fara kewaye Sakkwato da ganuwa a 1809. Kafin Shehu ya tashi zuwa Sakkwato a 1815, sai da jama'ar da ta biyo shi ta sami gidaje da masallatai da makarantu, alhali babu siminti, babu mota, babu ɗan kwangila. Abin tambaya shi ne, wane irin tsari ne ya sa aiki ya gudana haka?

Da farko dai, maginin ƙasar Hausa yana bin lokaci. Ba ya fara aiki sai an kau da amfanin gona, hannuwa sun samu, kuma ya san lalle ne a rufe soro kafin saukar damina. Na biyu, kayan aikinsa suna kusa da shi. Daga kududdufin gari ake haƙo ƙasa, a kwaɓa ta da ciyawa, a bar ta ta kwana biyu, sannan a yi tubali a shanya. Azara daga giginya take, makuba kuwa daga ɗorawa. Na uku, kuma mafi muhimmanci, shi ne yadda kaya ke isa hannunsa. Magini yana zaune bisa katanga, yaronsa na ƙasa yana jefa masa tubali ɗaya bayan ɗaya, gwargwadon yadda ya nema. Idan ya ɗora 'yan layuka sai ya matsa gaba, ya bar nan ya sha iska, domin ɗanyen gini ba ya ɗaukar nauyi. Watau kaya ne ke bin aiki, kuma mai ɗora tubalin shi ke faɗin abin da zai yiwu a ranar. Sarkin Magina kuwa shi ke raba aiki, yana tsare ingancinsa.

Ba a cewa wancan zamani ba shi da aibi. Ginin ƙasa yana bukatar yaɓe kusan kowace shekara, kuma manyan ganuwoyi da guminsu na bayi da talakawan da aka tilasta. Amma ta fuskar tsari, ɓarnar kaya da ta lokaci kaɗan ce.

Zuwan siminti ya sauya wannan lissafi. An kafa kamfanin siminti na Arewa a 1962, masana'antarsa ta Kalambaina kusa da Sakkwato ta fara aiki a 1967. Da kuɗin man fetur suka yawaita, sai bukata ta wuce abin da masana'antun gida ke iya yi. A tsakanin 1974 da 1975 hukumomin gwamnatin Janar Yakubu Gowon suka yi odar siminti kimanin tan miliyan 20 daga waje, mafi yawa da sunan Ma'aikatar Tsaro, ba tare da an dubi ƙarfin tashar jiragen ruwa ta Ikko ba. Jirage fiye da 400 suka yi cirko-cirko a teku wata da watanni, ana biyan masu su kuɗin jira kullum, simintin kuma yana daskarewa a cikinsu. An sayi guga tun ba a haƙa rijiya ba.

Darasi na biyu ya zo ne a zamanin Alhaji Shehu Shagari, ɗan garin Shagari da ke maƙwabtaka da ƙasar Bodinga, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983. Gwamnatinsa ta ƙudura gina gidaje masu sauƙin kuɗi 2,000 a kowace jiha duk shekara. Niyya ce kyakkyawa, kuma unguwannin da ake kira da sunansa a birane da dama shaida ne cewa an yi wani abu. Sai dai abin da aka kammala bai kai ko rabin abin da aka ƙudura ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamnoni, saboda haka a jihohin da 'yan adawa ke mulki sai aka yi ta ja-in-ja kan fili. A wurare da yawa an gina gidajen nesa da gari, babu ruwa, babu hanya, kuma da zane kusan iri ɗaya, ba a kula da yadda iyalin Bahaushe ke bukatar zaure da tsakar gida ba. Wasu gidajen sun daɗe babu kowa a ciki.

A wata nahiya kuwa, injiniyan kamfanin Toyota na Japan, Taiichi Ohno, ya riga ya lissafa ɓarna iri bakwai da ke cin dukiyar masana'anta, cikinsu har da jira, da tara kaya fiye da bukata, da yawan jigila, da aikin da sai an sake shi. Maganinsa shi ne kada a kawo abu sai matakin da ke gaba ya nema. A 1992 Lauri Koskela, wani masani ɗan ƙasar Finland, ya nuna a Jami'ar Stanford ta Amurka cewa wannan ƙa'ida ta shafi aikin gini. Daga baya Glenn Ballard da Greg Howell suka fito da tsarin da shugabannin ma'aikata a wurin gini suke zama kowane mako, kowa ya yi alkawarin abin da zai iya gamawa kawai, bayan an tabbatar akwai zane, da kaya, da hannuwa, a ƙarshen mako kuma a bincika dalilin duk alkawarin da bai cika ba.

Duk wanda ya san ginin tubali zai gane wannan magana. Bambancin kawai shi ne, a dā mai yanke shawara yana bisa katanga, daga baya kuwa ya koma ofis mai nisan ɗaruruwan mil daga wurin aiki. Saboda haka akwai tambayoyi uku da ya kamata ma'aikacin hukuma ya yi kafin ya sa hannu a takardar kwangilar makaranta ko asibiti a gari irin Dingyadi. Shin an sami fili, kuma masu amfani da ginin sun ga zanensa? Shin kuɗin za su riƙa fitowa daidai da matakan aiki, ko kuwa magina za su zauna jiran biya har damina ta same su? Shin an tambayi mai riƙe da cokalin gini abin da zai yiwu? Idan ba a amsa waɗannan ba, to, an fara ɓarna tun kafin a haƙa harsashi.