Yadda Ake Rubuta Takardar Tarihin Aiki Mai Gamsar da Mai Ɗaukar Ma'aikata

Takardar tarihin aiki, wadda jama'a suka fi sani da "si-bi", rubutu ne taƙaitacce da mai neman aiki ke gabatarwa domin bayyana karatunsa, ayyukan da ya yi da kuma ƙwarewar da yake da ita. Asalin sunan daga harshen Latin yake, ma'anarsa kuwa tafarkin rayuwa. Ita ce ke isa teburin mai ɗaukar aiki kafin mai ita, kuma da ita ake yanke shawarar wanda za a kira ganawa.

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta, 1991, aka mai da Dutse babban birninta, garin ya zama matattarar ma'aikatu. Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa, da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, duk suna yaye ɗalibai. Matashin da ke zaune a Yalwawa yana takara ne da takwarorinsa daga ƙananan hukumomi 27 na jihar, waɗanda da yawansu ke riƙe da shaidar karatu irin tasa. Abin da zai bambanta shi da su shi ne hujjar abin da ya iya.

Sassan takardar

Ana farawa da cikakken suna, lambar waya, adireshin imel da garin zama. Wajibi ne sunan da ranar haihuwa su dace da abin da ke kan takardun makaranta da kuma lambar shaidar ɗan ƙasa, domin saɓani a nan kan jawo tsaiko lokacin tantancewa. Idan aikin gwamnati ne, a rubuta jiha da ƙaramar hukumar asali, tunda ana la'akari da daidaiton rabon guraben aiki, kuma galibi ana neman takardar shaidar asali.

Sai gabatarwa ta layi biyu ko uku da ke faɗin sana'ar mutum da shekarun da ya yi a cikinta. Daga nan sai ayyukan da aka yi, a fara da na baya-bayan nan, a ambaci wurin aiki, muƙami da shekara. Karatu ma haka ake jera shi. Mai digiri ko babbar difloma ya nuna shekarar da ya kammala yi wa ƙasa hidima, shirin da aka kafa a 1973, ko kuma takardar da ta ɗauke masa shi. Malamin makaranta ya ambaci rajistarsa da hukumar rajistar malamai ta ƙasa, ma'aikaciyar jinya kuma lasisinta. A ƙarshe sai sunayen mutum biyu ko uku da za su ba da shaida, bayan an nemi izininsu.

Hujja, ba yabon kai ba

Kalmomi irin su "mai ƙwazo" da "mai riƙon amana" ba su gaya wa mai karatu komai ba, domin kowa haka yake rubutawa. A maimakonsu, a faɗi aikin, adadinsa da sakamakonsa. Misali, malami ya ce: "Na koyar da lissafi a aji uku na ƙaramar sakandare tsawon shekara biyu, na kuma shirya jadawalin jarrabawa." Wanda ya ce ya iya kwamfuta ya faɗi manhajar, kamar Excel, da abin da ya yi da ita.

Wannan dabara daɗaɗɗiya ce. Wajen shekarar 1482, Leonardo da Vinci ya rubuta wa Ludovico Sforza, mai mulkin Milan a Italiya, wasiƙar neman aiki. Ya jera iya gina gadoji da ƙera kayan yaƙi, abubuwan da mai mulkin ke buƙata, ya bar zane zuwa ƙarshe. Darasin shi ne a karanta sanarwar aikin da kyau, a sa abin da aka nema a gaba. Takardar da aka aika wa banki ba ita ce za a aika wa makaranta ba.

'Yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati

Zaman shago ma aiki ne, bai kamata a bar shekarunsa babu bayani ba. Wanda ya riƙe littafin bashi, ya sari hatsi a kasuwar Shuwarin ko dabbobi a Maigatari, ko ya tsaya kan na'urar cirar kuɗi, ya koyi lissafi, ciniki da kula da kaya. Ya rubuta su dalla-dalla. Shi kuwa ma'aikacin gwamnati, ambaton matakin albashi kaɗai bai isa ba. Ya bayyana sashen da ya riƙe, rahotannin da ya rubuta da horon da ya halarta.

Tsari da tsafta

Shafi ɗaya ko biyu sun wadatar, in ban da malaman jami'a da ke lissafa wallafe-wallafensu. A yi amfani da haruffa masu sauƙin karantawa, a guji ado da launuka barkatai. Da yake yawancin ma'aikatu da Ingilishi suke aiki, a ba wanda ya ƙware ya duba rubutun. Idan a shagon kwamfuta aka buga, a karanta kafin a biya, domin sau da yawa ana ɗora sabon suna ne kan tsohuwar takardar wani. Idan ta intanet za a aika, a mai da ita PDF don kada tsarinta ya wargaje.

Abu mafi muhimmanci shi ne gaskiya. Ramin ƙarya ƙurarre ne: ƙwarewar da aka ƙaga takan tonu a zauren ganawa, takardar jabu kuwa laifi ce da ke kai mutum ga kora da gurfana a kotu, ko da bayan shekaru ne. Duk layin da mai neman aiki ba zai iya kare shi da bakinsa ba, gara ya goge shi.