Mafi Ƙarancin Albashi da Makomar Lebura a Najeriya

A watan Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000. Sai dai ƙarin bai shafi ma'aikata bai ɗaya ba.

Makanikin da ke kula da injina a masana'antun Sharaɗa ko Challawa a Kano, albashinsa ya riga ya wuce wannan adadi, kuma mai kamfani na lallaɓa shi, domin samun madadinsa jan aiki ne. Lissafin yana faɗawa ne a kan ɗan dako, mai shara, maigadi da mai ɗinke bakin buhu, waɗanda kullum ake samun irinsu jere a bakin ƙofa.

Masana tattalin arziki sun daɗe suna cewa tilasta ƙarin albashi na rage guraben marasa ƙwarewa. Sai dai biyu daga cikinsu, David Card da Alan Krueger, sun girgiza wannan ra'ayi. A 1992 jihar New Jersey ta Amurka ta ƙara kuɗin awa daga dala 4.25 zuwa 5.05, da suka kwatanta gidajen abincinta da na maƙwabciyarta Pennsylvania, ba su ga aiki ya ragu ba.

Najeriya kuwa, dokar da kanta ta bar ƙofa a buɗe. Tun a dokar 2019 an keɓe duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, da masu aikin jinga ko kamasho, da ƙwadagon gona na lokaci-lokaci. Saboda haka mai kamfani ba sai ya kori lebura ba. Ya riƙe ƙwararru a takardar albashi, da fansho da hutu, sauran kuma ya miƙa su ga ɗan kwangila, a biya su kullum ko mako-mako, babu takardar ɗauka balle kuɗin sallama. Hatta bankuna sun rungumi wannan hanya wajen ɗaukar masu karɓar kuɗi. Buƙatar lebura tana nan, matsayinsa ne ya faɗi.

Ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC sun fi zuba ƙarfinsu a kan adadin kuɗin, alhali alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa, NBS, sun nuna sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a ƙasar suna wajen tsarin hukuma. Muddin doka ba ta ɗora wa kamfani alhakin leburorin da ɗan kwangila ya kawo masa ba, naira 70,000 za ta tsaya a kan waɗanda dama suna da takardar aiki.