GIDA A NAN, AIKI A CAN: YADDA MATUƘAN JIRAGEN AMURKA SUKA ZAMA 'YAN CI-RANI

Jama'a, tun da na fara aikin tuƙin jirgin fasinja a nan Amurka, tambayar da aka fi yi min ita ce: "Kai da kake zaune a Teksas, yaya aka yi wurin aikinka yake Niyok?" Amsar tana da tarihi, kuma tarihin akwai rayuka a ciki. Ku gyara zama.

Kafin 1978, gwamnatin Amurka ce take yanke wa manyan kamfanonin jirgi hanyar da za su bi da kuɗin da za su karɓa. A watan Oktoba na shekarar, Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta sakar wa kamfanoni mara. Gasa ta ɓarke. Kamfanoni suka koma tara jiragensu a wasu manyan filaye, daga nan su rarraba fasinjoji zuwa ƙananan garuruwa. Wasu suka durƙushe, wasu suka haɗiye wasu. Duk haɗewa ko durƙushewa, sai a rufe mazaunin ma'aikata a wani gari a buɗe a wani. Matuƙin da ya sayi gida, 'ya'yansa suna makaranta, matarsa tana aiki, ba zai riƙa kwashe kaya duk bayan shekara biyu ba. Sai ya bar iyali inda suke, shi ya riƙa hawa jirgi zuwa wurin aiki.

Abu na biyu shi ne tsarin fifiko, wanda ƙungiyoyin matuƙa suka daɗe suna karewa. Babbar cikinsu, ALPA, tun 1931 aka kafa ta. Ranar da aka ɗauke ka ake ba ka lamba, kuma lambar nan ita ce komai: garin da za ka zauna, irin jirgin da za ka tuƙa, ranakun hutunka, har lokacin da za ka zama kyaftin. Kamar layin motoci a tasha, wanda ya riga zuwa shi zai fara lodi. In ka canja kamfani, ko shekara ashirin ka yi kana tuƙi, ƙarshen layi za ka koma. Sabon shiga kuwa ragowar da manya suka ƙi ita ce rabonsa, galibi garuruwa masu tsadar haya irin su Niyok.

To yaya ake zuwa aikin? Tikitin ma'aikaci ba ya ba ka tabbacin kujera. Sai fasinjoji sun gama shiga, in da saura ka samu. In babu, ka roƙi kyaftin ya ba ka 'yar kujerar naɗewa da ke bayansa a ɗakin tuƙi, ita ma wani zai iya riga ka. Shi ya sa muke fita da wuri, mu bar jirgi ɗaya ko biyu a baya saboda ko-ta-kwana. Sabon shiga kuma ba shi da jadawali tsayayye, zaman jiran kira yake yi, in an kira shi cikin 'yan sa'o'i dole ya bayyana. Don haka ake haɗa kuɗi a kama ɗaki, a jera gadaje masu hawa biyu, mutum goma ko fiye. A wasu gidajen ma ba ka da gadon kanka, wanda ka tarar babu kowa shi ne naka. Unguwar Kew Gardens a Niyok ta yi suna wajen irin waɗannan gidaje.

Duniya ba ta san da wannan rayuwar sosai ba sai daren 12 ga Fabrairu, 2009. Jirgin Colgan Air mai lamba 3407, ƙirar Q400, ya taso daga Newark zuwa Bafalo, ya faɗa kan wani gida yana dab da sauka. Mutum 50 suka rasu, 49 a jirgi, ɗaya a cikin gidan. Da hukumar binciken haɗurra ta NTSB ta tona, sai aka ga kyaftin Marvin Renslow daga Fulorida yake zuwa aiki. Mataimakiyarsa Rebecca Shaw, 'yar shekara 24, a kusa da Siyatil take zaune, wato ɗaya ƙarshen ƙasar, tazarar kusan kilomita 3,900. Cikin dare ta taso a jiragen dakon kaya, ta yada zango a Memfis, ta iso da safe, ta ɗan kishingiɗa a ɗakin hutun ma'aikata. Albashinta bai kai dala 20,000 a shekara ba. Da wannan kuɗin wa zai iya kama gida a yankin Niyok? Binciken ya kuma nuna cewa cikin matuƙan kamfanin 137 da ke Newark, 93 daga wasu wurare suke zuwa.

A yi adalci: hukumar ba ta ce gajiya ce ta kayar da jirgin ba. Ta ɗora babban laifin a kan yadda kyaftin ya yi da na'urar ta gargaɗe shi cewa gudun jirgi ya yi ƙasa. Maimakon ya sunkuyar da hancin jirgin, sai ya ja shi sama. Amma ta ce akwai alamar gajiya ta taɓa aikin su biyun.

Iyalan mamatan ba su zauna ba. Sun yi ta sintiri a majalisa har Shugaba Obama ya sa hannu a sabuwar doka a watan Agusta 2010. Daga 2013, mataimakin matuƙi sai ya tara sa'o'in tuƙi 1,500 a ƙa'ida, alhali a da 250 sun isa a ɗauke shi. A Janairu 2014 kuma dokar hutu ta fara aiki: aƙalla sa'o'i 10 kafin a kama aiki, da damar barcin sa'o'i 8 a ciki.

Ga inda gizo ke saƙar. Matuƙan nan biyu duk sun haura sa'o'i 1,500 a daren da abin ya faru. Ita kuwa tafiyar zuwa aiki, wadda ta fi tayar wa mutane hankali, dokar ba ta taɓa ta ba. Agogon aikina ba ya fara lissafi sai na isa mazaunina. Ko kwana na yi a kujerar jirgi, a takarda hutu na yi. Abin da aka ƙara shi ne kafin kowane tashi sai na tabbatar da sa hannuna cewa ina da ƙoshin ƙarfin aiki. Kamfanoni ba sa son ɗaukar nauyin, mu ma matuƙa ba ma son a ce mana ga inda za mu zauna. Kowa ya yi shiru.

Albashi ya gyaru ƙwarai a 'yan shekarun nan, wannan gaskiya ne. Amma ƙannena masu burin wannan aiki, ku sa kuɗin otal da na gado a lissafinku tun daga farko, ku tafi tun jajibiri, kuma ranar da jiki ya ce a'a, ku kira ku ce ba za ku iya ba. Rana ɗaya ta hutu da ta salwanta ba ta kai ran mutum ɗaya ba.

Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.