Wasula Biyar, Rubutu Uku: Tarihin Rubuta Hausa a Tasawa da Mayahi

Allon da ke bakin gari a kan babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram yana cewa Tessaoua, mutanen garin kuwa Tasawa suke cewa, kuma haka matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya ji ya rubuta lokacin da ya sauka a garin a watan Janairu na 1851. Wasali ɗaya ne ya maimaitu sau uku a bakin mai magana, amma a takardun hukuma ya rikiɗe ya zama e, da a, da wani tarin haruffa da aka haɗa don su tsaya a madadin wa. Haka abin yake a ƙasar Mayahi, inda Cake ta zama Tchaké, Kanan Bakashe ta zama Kanembakaché. Wannan ba ƙaramar magana ba ce ga yaron da ke koyon karatu. A wannan yanki an gaji hanyoyi uku na rubuta wasula, ta allo da ta Faransa da ta bokon Hausa, kuma ina ganin tarihinsu ya isa hujja cewa wahalar da yaro ke sha wajen haɗa baƙi ba daga kansa take ba, daga ƙofar da aka fara shigar da shi take. Wadda ta fi sauƙin shiga ita ce bokon Hausa, muddin aka yarda cewa yana da giɓi guda kuma aka toshe shi.

Hanya mafi tsufa ita ce ta makarantar allo, wadda ta daɗe a ƙasar Katsina tun kafin jihadi, lokacin da Tasawa take cikin yankunan Katsina. Malaman allo sun gane tun tuni cewa koyon wasali mataki ne mai zaman kansa. Almajiri yakan fara da babbaƙu, ya san sifar kowane harafi tsirara, sai ya wuce zuwa farfaru, inda ake ɗora wa harafin wasali bisa ko wasali ƙasa ko rufu'a, ya ji yadda ba ta zama bi ta zama bu. Matsalar ta taso ne da aka zo rubuta Hausa da waɗannan alamomi, domin Larabci wasula uku yake rubutawa, Hausa kuwa biyar gare ta. Malamai suka sami mafita ga e daga ƙira'ar Warshu da ake karatu da ita a Afirka ta Yamma, wato ɗigon imala da ake sawa a ƙarƙashin harafi. Amma o ba ta sami alamarta ta kanta wadda kowa ya yarda da ita ba, ta ci gaba da raba rufu'a da u, mai karatu ne ke tantancewa daga ma'ana. A gefe guda kuma ajami ya yi abin da ya cancanci yabo, domin yana nuna jan wasali da alif da wau da ya. Marubucin ajami ba ya rikita garin da ake zaune a ciki da garin da ake tuwo da shi, saboda na biyun yana ɗauke da alif.

Hanya ta biyu da bindiga ta shigo. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar Hausa tana ƙone garuruwa, har sojojinsu suka kashe su a kusa da Maijirgi, cikin ƙasar Tasawa. Bayan haka Faransawa suka kafa bariki a Tasawa, daga nan suka riƙa mulkin yankin kafin su mayar da hedikwata Maraɗi a shekarun 1920. Kwamandan da magatakardansa su ne suka fara rubuta sunayen ƙauyuka da na masu biyan haraji, kuma da kunnen Faransanci suka rubuta. Shi kuwa Faransanci yana da sautukan wasali fiye da goma, yana rubuta su da haruffan da ba su isa ba, sai ya koma ga haɗe-haɗe. Harafin u a wurinsu wani sauti ne da babu shi a Hausa, don haka u ɗinmu ya zama ou, aka sami Moussa da Ousmane da Issoufou. Haɗin ai a wurinsu e ake karantawa, don haka Mai sai da aka ɗora masa ɗigo biyu ya zama Maï, au kuma ya zama aou, har sunan harshen kansa ya koma Haoussa. A lakkwal ba a koyar da komai sai da Faransanci, yaron da ya yi Hausa a aji ma yakan sha horo. Wato ɗan Mayahi yana koyon baƙin harshe da baƙin rubutu a lokaci guda, rubutun kuma irin wanda o kaɗai ake iya rubutawa o ko au ko eau.

Hanya ta uku daga kudu ta ɓullo, ƙetaren iyakar da Ingila da Faransa suka shata. A 1912 Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da haruffan boko, daga baya ƙamusun Bargery na 1934 da aikin Rupert East a Zariya da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a 1939 suka daidaita su. Babban alherin wannan tsari shi ne bai bi rikicin wasulan Ingilishi ba. An ɗauki a, e, i, o, u, kowane harafi da sautinsa guda, sai tagwaye biyu, ai da au. Wannan shi ne kusan tsarin Sifaniyanci, wanda shi ma wasula biyar gare shi, kowanne ana faɗinsa yadda aka rubuta shi, tun daga Madrid har Meziko. Amfanin irin wannan rubutu ba zato ba ne. Binciken da Seymour da abokan aikinsa suka wallafa a 2003 kan yaran ƙasashen Turai ya nuna cewa masu koyon Sifaniyanci da Italiyanci da harshen Finlan suna karanta kalmomi kusan ba kuskure kafin ƙarshen shekarar farko, yaran Faransa suna bayansu, na Ingilishi kuwa can ƙarshe. In har yaron da aka haifa da Faransanci a baki yana jinkiri saboda rubutunsa, me za a ce da ɗan Korgom ko Urafan da bai taɓa jin harshen a gida ba?

Sai dai kamar da ke tsakanin Hausa da Sifaniyanci ta tsaya a wani wuri, kuma a nan giɓin yake. Sifaniyanci ba ya bambanta ma'ana da jan wasali, don haka haruffa biyar sun wadatar da shi. Hausa tana bambantawa, ga kuma karin sauti na hawa da sauka. Dafa abinci da dafa kafaɗa rubutu ɗaya ne a boko, haka jima na ɗaukar lokaci da jima ta fata. Taron masana da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 ya so ya gyara wannan ta hanyar ninka dogon wasali, kuma Nijar ta bi wannan shawara a aikin yaƙi da jahilci. Sunayen jaridun karkara na wancan zamani, irin Gangaa da Saabon Ra'ayii, shaida ne. Sakamakon shi ne manomin Tasawa da ya koyi karatu a ajin manya yana da rubutu dabam da na ɗan'uwansa na Daura ko Katsina, inda littattafai da jaridu suka fi yawa. Taron Yamai na 1980 ya daidaita rubutun ƙasashen biyu, aka bar ninkin, kuma a kan wannan turba dokar ma'aikatar ilimi ta 1999 ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a Nijar. Masu kukan abin da aka rasa suna da gaskiya, domin ninkin ya fi kusa da abin da baki ke faɗa. Amma raba masu karatun harshe ɗaya gida biyu ya fi wannan asara girma, kuma gwanin karatu ba ya tuntuɓe a kan gari, jimlar tana gaya masa wanne ake nufi. Mai tuntuɓe shi ne ɗan koyo, wanda ke bin kalma gaɓa-gaɓa. Don haka wurin da ya kamata a nuna jan wasali shi ne littafin ajin farko da ƙamus, kamar yadda malamin allo ke cika wa almajiri wasula kafin ya kai ga littattafan da ba su da su.

Akwai ƙorafin da ya fi wannan nauyi, kuma iyaye ne ke yinsa. Suna cewa jarrabawa da aikin gwamnati da Faransanci ake yi, yaron da ya saba u tana nufin u zai rikice ranar da aka ce masa ou ce. Rikicewar tana faruwa, ba a musu, amma ta ɗan lokaci ce. Abin da yaro ke koya sau ɗaya a rayuwa shi ne cewa alamar da ke kan allo tana ɗauke da sauti, sautuka kuma suna haɗuwa su ba da kalma mai ma'ana, kuma ba zai gane haka da sauri ba sai kalmar da ta fito ta zama wadda ya sani. Nijar ta gwada wannan tun 1973, lokacin da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai fara koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma nazarin da Mart Hovens ya wallafa a 2002 ya gano cewa yaran da suka fara da harshen gida sun fi iya karatu har a Faransancin kansa, musamman na karkara. Masu cewa a koma ga ajami kuwa, tunda shi ne ya riga kowa shiga ƙauyuka, suna da hujjar yawan waɗanda suka san haruffansa, kuma bai kamata a yi watsi da su ba a saƙonnin lafiya da na noma. Amma har yau ajamin Hausa ba shi da ƙa'ida guda da marubuta suka haɗu a kanta, o da u ba su rabu sosai ba, kuma littattafan lissafi da kimiyya da ake da su a Hausa da boko aka buga su.

Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Wannan ya ɗora wa hukuma aikin da ba a yi ba tun 1960. Dole a horar da malaman firamare na Tasawa da Mayahi kan ƙa'idar 1999, domin da yawansu da Faransanci kaɗai aka horar da su, suna jin Hausa amma da ou suke rubuta ta. Sunayen mutane a takardun haihuwa da katin ɗan ƙasa ba za a iya canza su a gaggauce ba, saboda shaidun karatu da fasfo da takardun gado sun rataya a kansu. Allunan garuruwa ba su da wannan matsala, ana iya rubuta Tasawa a saman Tessaoua, Cake a saman Tchaké, ba tare da an taɓa takardar kowa ba.